In Faifan Uwar Garke Ya Fara Ciwo, A Kwashe Kaya Tun Yana Numfashi

Duk matafiyin da ya bar Abuja ya nufi Lakwaja, in ya wuce Gwagwalada da Kwali, Abaji ne babban gari na ƙarshe da zai ratsa kafin ya shiga Jihar Kogi. Garin yana cikin yankunan da aka yanko daga tsohuwar Jihar Kwara sa'ad da Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Babban Birnin Tarayya ran 3 ga watan Fabrairu 1976. Yau kuwa shi ne hedkwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na yankin, kuma mazaunin Mai Martaba Ona na Abaji. A wancan zamani, dukan abin da hukuma ta sani game da talakawanta yana cikin manyan littattafan akawu da fayilolin kwali da aka ɗaure da igiya aka jera a sito. Abokan gaban takarda kuwa sanannu ne, watau gara da ɓera da yoyon rufi da gobara, kuma kowane masinja ya san yadda ake tsare ta daga gare su.

To, zamani ya juya. A shekarar 2003 aka kafa hukumar AGIS don mayar da bayanan filayen Birnin Tarayya cikin kwamfuta. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta soma biyan albashi ta tsarin IPPIS. Tun daga 2015 kuwa hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir. Abin bai tsaya a manyan ma'aikatu ba. A gari irin Abaji, makarantar kuɗi da asibitin kuɗi da ƙungiyar gama kai ta manoman doya da babban kantin magani, kowa ya sami kwamfuta guda ya kafa a kusurwar ofis, ya zuba mata sunayen ɗalibai da sakamakonsu, ko tarihin majinyata, ko lissafin wanda ya ci bashi da wanda ya biya. Wannan kwamfuta da sauran kwamfutocin ofis ke ɗebo bayani daga wurinta ita ake kira uwar garke, waɗansu kuma su ce saba. A cikinta akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi ƙaramin littafi girma ba, shi ne faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis. Ranar da ya tsaya, guminsa na shekara goma mai makaranta zai nema ya rasa, haka kuma tsohuwar da ke zuba adashi ba za ta sami shaidar kuɗinta ba.

Sayen sabon faifai da ɗaura shi ba wani aiki ba ne, kusoshi huɗu ne da waya biyu. Abin da ke raba wanda ya tsira da wanda ya yi hasara shi ne jerin da aka bi: me aka fara yi, me aka jinkirta, me kuma aka ƙi yi sam.

Yadda faifai yake, da yadda yake mutuwa

Wanda ya taɓa ganin garmaho ya ga kakan wannan na'ura. A cikin akwatin akwai faya-fayai masu sheƙi da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, suna juyi a kan sanda ɗaya, da wata allura a bakin hannu mai kai da komowa tana rubutu tana karatu. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da irinsa na farko a 1956, mai faya-fayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinsa wajen tan ɗaya, abin da yake ɗauka kuwa haruffa kimanin miliyan 5 ne kacal. Na yau yana shiga aljihun babbar riga, amma akwai mai ɗaukar terabayit 20 ko fiye, terabayit ɗaya kuwa gigabayit 1,000 ne.

Bambancinsa da garmaho shi ne allurar ba ta taɓa faifan. Shawagi take yi a kan iskar da juyin ke tayarwa, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta fi kaurin silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Faifai na yau da kullum yana juyi sau 7,200 a minti ɗaya, watau sau 120 a daƙiƙa, sama da sau miliyan 10 daga safiya zuwa wata safiyar. Uwar garke kuwa ba a cika kashe ta ba. Saboda haka duk faifai mai mutuwa ne, ranar ce kawai ba a sani ba. A wuraren da wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, ta dawo da ƙarfin da ya wuce ƙima, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka, ga zafin bazara a ɗakin da ba taga, ga jijjigar janareta a jikin bango, ajalin yakan matso kusa.

An rarraba fuskar faifai gurbi-gurbi, kowane gurbi yana ɗaukar bayit 512, ko 4,096 a sababbi. In gurbi ya lalace, faifan da kansa yakan mayar da aikinsa ga wani gurbin da masana'anta ta keɓe don haka, ya rubuta a lissafinsa. Wannan lissafin lafiya sunansa SMART, kuma akwai manhajoji na kyauta, irin su smartctl da CrystalDiskInfo, da ke nuna shi cikin minti ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci a duba shi ne yawan gurabun da aka riga aka sauya, da yawan waɗanda suka ƙi karantuwa suna jiran sauyi. In lambobin nan suka bar sifiri suka soma hawa, magana ta ƙare.

A 2007 masanan kamfanin Google suka buga binciken da suka yi a kan faifai sama da 100,000. Sun gano cewa faifan da aka sami kuskuren farko a fuskarsa ya fi lafiyayye yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Sun kuma gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su yi wani gargaɗi a lissafin SMART ba. Darasi biyu ke nan. In faifai ya yi gargaɗi, a gaskata shi nan take. In bai yi ba, kada a ɗauki shirunsa shaidar lafiya.

Akwai kuma alamun da akawu zai gane ba sai injiniya ya zo ba: fayil ɗin da ke buɗewa cikin ƙiftawar ido ya koma ɗaukar minti biyar, kwamfuta tana sandarewa tana sakewa, takardar da aka ajiye jiya ta ƙi buɗuwa yau, ko a riƙa jin ƙas-ƙas daga cikin akwatin kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya da farce.

Abin farko shi ne a dakata

Faifan da ya fara ciwo saura masa ƙarfi kaɗan, kuma ba wanda ya san iyakarsa. Kowane karatu da aka sa shi, an rage wani abu daga ƙarfin nan. Don haka doka ta farko ita ce kada a kashe wannan ragowar a kan kome sai kwashe bayanai.

Shugaban ofis ya ba da umurni a tsayar da aiki a kan uwar garke, ma'aikata su koma biro da takarda na yini ɗaya ko biyu. Wannan shi ne matakin da ya fi wuya, don kullum akwai mai cewa a bari a gama biyan albashi, ko a bari a fitar da sakamakon zango. Sauri ya haifi nawa. Yawancin faifan da suka mutu da kayan mutane, a cikin irin wannan "a ɗan bari" suka cika.

Bayan haka akwai abubuwan da aka saba yi da kyakkyawar niyya, amma ɓarna suke jawowa. Kada a sa manhajar gyaran faifai, irin su chkdsk ko fsck, ta yi aiki a kan majinyacin, don za ta tilasta shi ya karanta ko'ina, ta kuma yi rubutu a kansa, mai yiwuwa ta yanke abin da ta kasa fahimta ta zubar. Kada a sa manhajar farautar ƙwayar cutar kwamfuta ta bincike shi kaf. Kada a yi ta kashewa ana kunnawa, domin lokacin tashi ne allura da injin juyi suka fi shan wuya. Kada a buge shi, kada a sa shi a firji kamar yadda waɗansu ke ba da shawara, don raɓa za ta taru a cikinsa. Mafi muni duka, kada a kwance murfinsa a kan teburin shago. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allurar girma nesa ba kusa ba, in ta shiga sai allura ta karce faifan, abin da ta karce kuwa ya zama gari, babu gwanin da zai dawo da shi.

Daga nan sai a yi tambaya biyu. Ta farko, akwai kwafin ko-ta-kwana, kuma na wace rana ne? In akwai, a gwada buɗe shi a wata kwamfutar yanzu-yanzu, kada a dogara da "ai muna da shi". A kuma hana tsarin da ke yin kwafi da kansa ya yi aiki a daren, don kada ya ɗebo gurɓataccen bayani ya rufe lafiyayyen da shi. Ta biyu, faifan yana karantuwa? In yana ƙas-ƙas, ko kwamfuta ta daina ganinsa, a kashe shi, a naɗe shi cikin ledar da ke hana tartsatsin lantarki, a kai wa ƙwararrun da ke da ɗaki mai tace iska. Kuɗinsu da yawa, amma duk gwajin da aka yi a gida kafin a je wurinsu ƙara kuɗin yake yi, yana rage sa'a. In kuwa har yanzu yana karantuwa, ko da da ƙyar, to, aikin na hannu ne.

Shirin tafiya

Sabon faifai ya zama daidai da tsohon a girma, ko ya fi shi. Ko gurbi ɗaya ya gaza, kwafin ba zai shiga ba, kuma faifai biyu da aka rubuta wa terabayit 2 a jiki suna iya bambanta da ɗan kaɗan in ba kamfani ɗaya ya yi su ba. Mutumin Abaji yakan hau mota zuwa Banex da ke Wuse a Abuja, na Kano ya nufi titin Beirut, na Ikko ya shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja. A kasuwannin duniya duka akwai sabo fil, akwai na hannu da aka goge aka sa a leda. Araha ba ta ado. Kafin a biya, a sa mai kaya ya jona faifan, a duba sa'o'in da ya yi yana aiki. Faifan da ya yi sa'a 35,000 ya yi shekara 4 yana juyi ba hutu. Ko wannan ma ba ya wadatarwa, don a farkon 2025 an bankaɗo a Jamus da waɗansu ƙasashe cewa 'yan damfara sun sayar da tsofaffin faifan Seagate a matsayin sababbi bayan sun mayar da lissafin sa'o'insu baya. A sayi kaya wurin wanda zai ba da rasit da garanti, a duba lambar faifan a shafin kamfanin da ya ƙera shi, a kuma gwada shi sosai kafin a damƙa masa amana.

Sai maganar wuta. Lafiyayyen faifai mai terabayit 4, in yana kwarara da megabayit 150 a daƙiƙa, zai ci sama da sa'a 7 kafin a kwashe shi. Maras lafiya kuwa yana iya cin kwana biyu ko mako. Wanda ya soma wannan aiki da dogaro ga wutar kamfanin AEDC kaɗai ya yi ganganci. A tanadi inbata mai cikakken batir, ko sola, ko janareta da isasshen mai, a sa na'urar riƙe wuta a tsakani don kada kwamfuta ta ji lokacin da aka sauya. A ɗora fanka tana hura majinyacin. In da hali a jona shi kai tsaye da wayar cikin kwamfuta, domin akwatunan USB masu araha sukan saki faifai da zarar ya yi tuntuɓe.

Abu na ƙarshe, a ɗauki biro a rubuta lambar jikin kowane faifai, a manna takarda, wannan "TSOHO", wancan "SABO". Abin kamar wasa, amma manhajar kwafi ba ta da hankali. In aka juya mata sunaye, za ta kwashe wofin da ke cikin sabon ta shimfiɗa a kan tsohon, cikin biyayya, ba tambaya. Gwanaye da yawa sun yi kuka a wannan gaɓa. A karanta umurnin sau biyu, a kira wani ya karanta na uku, kana a danna.

Kwashewa

Ba a tayar da kwamfuta daga faifan da ake jinya. A tayar da ita daga filashi mai ɗauke da tsarin Linux, don majinyacin ya zama abin karantawa kawai. In abin da ya fi daraja ƙarami ne, kuma an san inda yake, misali kundin lissafin kuɗi da bai wuce gigabayit ɗaya ba, a fara ciro shi zuwa wani wuri dabam. Manomin da rumbunsa ya soma yoyo da iri yake fara gudu.

Daga nan sai a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi. Kwafi irin na kullum bai dace da wannan ba, domin in ya iske gurbin da ya lalace sai ya tsaya yana ta nanatawa, yana gajiyar da allura a wuri ɗaya, alhali lafiyayyen bayani mai yawa yana gaba yana jira. Manhajar da aka yi don wannan aiki ita ce ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, ana kuma samun ta kyauta. Dabararta mai sauƙi ce. Tana bi ta kwashe duk inda ke karantuwa cikin sauƙi, in ta iske wuri mai wuya ta tsallake ta yi masa alama. Sai ta gama da mai sauƙi take komowa ta rarrage wuraren nan kaɗan-kaɗan daga gefe. Tana kuma rubuta taswirar abin da ta samu da abin da ta rasa, don haka ko wuta ta ɗauke, daga inda ta tsaya za ta ci gaba. A ajiye taswirar nan a filashi, kada a ajiye ta a kan ɗaya daga cikin faifan biyu. A kuma san lokacin haƙura. In an sami kusan duka, saura 'yan gurabu sun ƙi bayan gwaji biyu ko uku, a bar su.

Da hoton ya kammala, a cire majinyacin a ajiye. Mai hankali yakan sake kwafe hoton zuwa faifai na uku, ya yi gyare-gyarensa a kan wannan, domin in gyara ya ɓaci akwai wurin komawa. A nan ne chkdsk da fsck suke da amfani.

Wani lokaci ana so a kafa tsarin kwamfuta sabo a kan sabon faifai, a ɗebo fayiloli kawai. Manhajar rsync, wadda ta fito a 1996, da Robocopy ta Windows sun dace da haka, muddin an umurce su su riƙe kwanan wata da izinin kowane fayil. In ba haka ba, a wayi gari kowane ma'aikaci yana iya buɗe takardar albashin kowa. Kundin lissafi kuwa ba a kwafe shi yana cikin aiki, sai an tsayar da manhajarsa, don kada a ɗauko rabin ciniki a bar rabi. In an gama, kada a bar tsohon faifai da tagwayensa a jone tare lokacin tayar da kwamfuta, domin lambar shaidarsu ta zama ɗaya, tana iya ruɗewa ta ci gaba da rubutu a kan maras lafiyan ba wanda ya sani.

Masu uwar garke mai faifai biyu ko fiye da ke aiki tare, tsarin da masanan Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka raɗa wa suna RAID a 1988, su ma kada su saki jiki. Gaskiya ne in ɗaya ya mutu sauran suna riƙe aiki. Amma sau da yawa rana ɗaya aka sayo su, wahala ɗaya suka sha, kuma sake gina sabon yana tilasta wa tsofaffin karatu daga farko har ƙarshe. A nan ne na biyun yakan faɗi. A fara yin kwafi zuwa waje kafin a zare kome, a kuma tabbata da lamba cewa maras lafiyan aka zare.

Muƙabala

Malaman da suka riƙa kwafar littattafai da hannu a Kano da Katsina da Sakkwato ba su ɗauki aiki ya ƙare don alƙalami ya kai shafin ƙarshe ba. Sai an zauna, wani yana karanta asali, wani yana bin kwafi da ido, ana gyara abin da ya tsallake a gefen shafi. Masu littattafai suna kiran wannan muƙabala. Kwamfuta ba ta kawar da wannan wajibi ba.

Akwai lissafin da ake kira SHA-256, wanda ke ba kowane fayil wata doguwar lamba kamar zanen yatsa. In harafi ɗaya ya sauya, lambar ta sauya gaba ɗaya. Da shi ake gwada kwafi da kwafi, ko sabon faifai da kwafin ko-ta-kwana na baya. Ba a so a koma ana sa majinyacin wani dogon karatu don gwaji kawai. Taswirar ddrescue kuma za ta nuna gurabun da aka rasa, daga nan injiniya ya fitar da sunayen fayilolin da ramin ya faɗa cikinsu, ya rubuta a takarda ya miƙa wa shugaba. Ɓoye wannan jeri cin amana ne, domin fayil mai rami yana iya buɗewa lafiya lau, sai bayan wata shida a ga sunayen mutum ashirin babu.

Ragowar muƙabala aikin masu ofis ne. Ma'aji ya duba jimillar kuɗin wata uku na baya ya gwada da takardar banki. Magatakarda ya ƙirga ɗalibai aji-aji ya gwada da rajista. Mai kula da katin asibiti ya zaɓi sunaye kamar 30, tsofaffi da sababbi, ya buɗe ya gani. Injiniya ya san na'ura, amma bai san cewa Malam wane ya biya bashinsa a watan Maris ba. Sai waɗannan sun sa hannu a takarda ake cewa an ƙaura.

Tsohon faifai

Kada a yi hanzarin rabuwa da shi. A rubuta kwanan wata a jikinsa, a kulle a kabad na wata ɗaya ko biyu, ko za a tuna da wani abu. Bayan haka kuwa kada a ba yaro ya kai kasuwa, kada a jefa wa 'yan jari-bola. A 2003 waɗansu masu bincike biyu na jami'ar MIT a Amurka suka ba da rahoton tsofaffin faifai 158 da suka saya a kasuwa. Guda 12 kaɗai aka goge yadda ya kamata, a cikin sauran kuwa sun tsinci lambobin katin banki fiye da 5,000 da bayanan majinyata. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su daga ɓata da kuma faɗawa hannun da bai dace ba. Faifan da ba ya goguwa saboda ciwo, a huda shi da na'urar huda ƙarfe wuri uku ko huɗu, a gaban shaidu.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Dukan wahalar da aka zayyana a sama ta wanda ba shi da kwafi ce. Mai kwafin jiya da dare, in faifansa ya mutu da safe, sabo zai ɗaura ya zuba kayansa, kafin la'asar an koma aiki. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ana taƙaita ta da 3-2-1: kwafi 3, a kan na'ura iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Faifan SSD na zamani, wanda ba shi da allura ko juyi, ya fi jure jijjiga, amma bai fita daga wannan ƙa'ida ba, don shi in zai mutu ko ƙas ba ya yi.

Manya ma sun sha wannan ɗaci. Ran 31 ga watan Janairu 2017 wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya goge kundin bayanai bisa kuskure. Kamfanin yana da hanyoyi 5 na ajiye kwafi, amma da aka je ɗauka sai aka tarar ba wadda ke aiki yadda aka zata, suka tsira da wani kwafi da aka yi sa'a 6 kafin nan, abin da ke tsakani kuwa ya tafi. A watan Satumba 2025 gobara ta tashi a cibiyar bayanan Gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon, ta cinye wata ma'ajiyar takardun ma'aikatan gwamnati mai terabayit 858, wadda ba a yi mata kwafi a wani wuri ba. A nan gida, ran 8 ga watan Afrilu 2020 wuta ta kama ofishin Babban Akanta na Tarayya a Abuja, tambayar farko da jama'a suka yi kuwa ita ce ina bayanan kuɗi, har sai da hukumomi suka fito suka ce cibiyar bayanan ta tsira. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga ofis a Abaji abin ba ya bukatar miliyoyi. Faifan waje guda biyu sun isa a fara, ana musanya su kowace Jumma'a, ɗaya a ofis, ɗaya a kulle a wani gini dabam, an sa musu kalmar sirri. Ƙananan kundaye masu daraja a riƙa tura su ma'ajiyar intanet kowane dare. A ajiye sabon faifai guda a kabad tun ana lafiya, domin hanya ba kullum take buɗe ba. Mutanen yankin ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, sa'ad da ruwa ya datse titi a wajen Koton Karfe, manyan motoci suka yi kwanaki a jere. Sau ɗaya kowane wata uku kuma a ɗauko kwafin a zuba a wata kwamfutar a gani ko yana tashi, a rubuta ranar da sunan wanda ya gwada a cikin littafi.

Wannan littafi a teburin shugaba ya kamata ya zauna, kusa da littafin kuɗi. Shugaban makaranta ko na ƙungiya ba ya bukatar sanin yadda ake sarrafa ddrescue. Abin da ke kansa shi ne ya riƙa tambaya uku a ƙarshen kowane wata: yaushe aka yi kwafi na ƙarshe, ina yake a ajiye, wa ya buɗe shi ya ga yana aiki? Sunayen da ke cikin ɗan akwatin nan na marayu ne da 'yan fansho da manoma da majinyata, waɗanda ba su san ma akwai shi ba, kuma ranar da ya tsaya wurin shugaba za su zo neman haƙƙinsu. Allah Ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta, amin.